Likkafanin Hajiya Yagana

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, amma hukuncinsa yana zuwa har ɗaki ya same shi. Laifin shi ne ka ɗauki abin da wani ya tanada domin ranar da zai kwanta dama, ka mai da shi kayan wasa. Ruwaida 'yar Umara ta yi haka, ta kuma yi shi ido buɗe, bayan an hana ta har sau biyu. Ni na ɗinka abin da ta ɗauka da hannuna, don haka ba jita-jita na kawo muku ba. Abin da ban gani ba kuwa daga bakinta na ji, ranar da ta zauna a bencin shagona ta faɗa mini komai ba ta ɗago kai ba.

Ni tela ne a Dutse, can wajen Garu, a gindin duwatsu. Nata'ala sunana, matasa su ce Baba Tela. Riga da wando nake ɗinkawa, amma in aka yi rasuwa a unguwa ni ake kawo wa alawayyo in yanka in haɗa, kuma ban taɓa kama wannan aikin ba sai da alwala.

Ruwaida marainiya ce. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta Umara ya bi bayanta ba a rufa shekara ba. Yayar uwarta, Yagana, ita ta ɗauke ta. Yagana Babarbariyar Haɗeja ce da aure ya kawo Dutse, Allah bai ba ta haihuwa ba, sana'arta sayar da bandar kifi da ake aiko mata daga gida. Gajeruwar mace ce ƙwarai, ga baki. Ruwaida kuwa ta taso doguwa, tun tana 'yar shekara goma sha biyu ta kere Innarta da kai guda.

Tun tana makaranta aka gane abin da ke jikinta. In ta kalli mutum sau ɗaya, ta ɗauke tafiyarsa da tarinsa da yadda yake gyara hula. Daga nan ta shiga wata ƙungiyar wasan daɓe da ake ɗauka a bayan mota a kai kasuwannin ƙauye, su yi wasa a kan rigakafi da tsabtar ruwan sha. Ni nake ɗinka musu kaya a lokacin. A kasuwar Miga ta taɓa fitowa a matar da ɗanta ya mutu a hannunta, ta yi kukan da sai da wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ratsa taro ta hau dandamali ta rungume ta, tana cewa ta yi haƙuri, ita ma uku ta binne. Aka yi ta ba da labarin nan har Taura da Kafin Hausa. Daga daɓe ta koma wasan rediyo, daga rediyo 'yan fim na Kano suka ji muryarta suka aiko. Shekara ashirin tana cikin harkar, babu gidan da ke da talabijin ko waya da bai san fuskarta ba.

Tana da wata ɗabi'a a aikinta wadda ita ta ɗaga ta, ita kuma ta kai ta inda take yau. Ba ta yarda da kayan ƙarya. Wasu in za su yi kuka sai an shafa musu man zafi a ƙarƙashin ido, ita nata hawayen daga ciki yake zuwa. In za ta fito a matar ƙauye, ba ta sa zanen da aka ɗinka jiya. Sai ta je ƙauyen ta ba wata mata sabuwar atamfa ta karɓi tsohon zanenta mai warin hayaƙi. Sau nawa tana dawo mini da ɗinki tana cewa, "Baba, wannan ya cika sabunta, ba wanda ya taɓa shan wahala a cikinsa." Mutane suna yaba wannan. Ni dai tun a lokacin raina bai so ba, domin tufar mutum ba fanko ba ce, akwai abin mai ita a jiki.

To, shekarar da Yagana ta sauke farali, ta dawo da abu guda da ta fi ji da shi a kan duk tsarabarta. Farin yadi ne ta saya a can, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya shi a ranar Makka ya bushe. Kwana uku da dawowarta sai ga ta a shagona da shi a ƙunshe.

Ta ce, "Malam Nata'ala, aikin likkafanina na kawo maka. Auna ni."

Na ce, "Hajiya, ai ba a auna mai rai don wannan. In ranar ta zo, karan da aka auna gawa da shi za a kawo mini."

"Ranar ina kwance ba bakin magana, ku Fulani ku rage mini yadi ku ɗinka wa maraƙi hula? A'a. Auna ni ina gani."

"Ke da ko rabinsa ya ishe ki? Ku Barebari tsawonku duk a harshe ya ƙare."

Ta yi dariya ta je ta jingina da bangon shagon, na sa alli na ja layi daidai saman kanta. Na yanka zane da riga da kallabi, na yanka babban mayafin da ake naɗewa da shi a ƙarshe, kamu huɗu cif, da rarar da za a ɗaure kai da ƙafa. Layin allin nan ban taɓa goge shi ba, in ya dushe sai in ƙara masa.

Ta kai shi gida ta sa a adaka, tare da kafur da sabulu da busasshen ganyen magarya. Kowace Juma'a da hantsi sai ta fito da shi ta baza a kan igiya a cikin ɗaki ya sha iska, ta zauna tana kallonsa tana jan carbi, sannan ta ninke ta mayar. Shekara goma sha huɗu tana haka. Yadin ya bar fari ya koma kalar nono, wurin ninkin ya yi layi-layi. Duk wanda ya san Hajiya ya san ba ta da wani buri da ya rage mata a duniya sai a naɗe ta a cikin yadin nan.

Ana nan, wata damina, sai Ruwaida ta zo Dutse da tawagarta. Suna ɗaukar wani shiri mai dogon zango, an zo ƙarshensa, inda matar da take fitowa a matsayinta za ta mutu a yi mata sutura. Daraktansu wani matashi ne, Zaharadeen, mai son a ce ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Shi ya ce a zo gindin duwatsunmu a ɗauki jana'izar. Suka aiko mini da alawayyon kasuwa na haɗa musu abin da ya yi kama da likkafani, na kuma bar shi ba kallabi da gangan, don kada ya cika.

Washegari ta shigo shagon da shi a hannu.

"Baba, wannan ba zai yi ba. Ƙyalli yake yi. Kyamara za ta tona mana asiri."

Na ce, "To ki jiƙa shi da ruwan shayi ki shanya, haka na ga kuna yi."

"Wannan aikin yara ne. Ni na san inda na gaske yake." Ta ɗaga ido ta kalli layin allin da ke bango.

Na ajiye almakashi. Na ce, "Ruwaida, kalle ni nan. Kin karɓi zanen mata, kin karɓi kukansu, ba wanda ya ce miki komai. Wannan kada ki taɓa. Ba na duniya ba ne, ajiya kawai aka ba adaka."

Ta yi irin murmushin nan nata da ke sa mutane su manta abin da suke cewa. "Baba ke nan. Awa biyu fa kawai. Yadi ne, ba ya ƙarewa don an kwanta a ciki."

Ta je ta tambayi Innarta. Hajiya tana tsince kifi a faranti, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "'Yar nan, ɗauki gadona, ɗauki kwallayena, in kina so ki kwance ƙofar ɗakin ki tafi da ita. Wannan ɗaya ne, kuma sau ɗaya ake shigarsa."

"Inna, ba fa mutuwa zan yi ba, wasa ne."

"Ke kika san wasa ne. Shi wa zai gaya masa?"

Ranar Talata Hajiya ta tafi suna Kafin Hausa, za ta kwana biyu. Ruwaida ta san inda makullin adaka yake, a ƙarƙashin tabarmar salla. Ranar Laraba da safe ta buɗe ta ɗauka.

Wurin da suka zaɓa yana bayan wani ƙauye a kan hanyar Miga, fili ne tsakanin wani babban dutse da gonakin gero, ga 'yar turba ta ratsa ta gefe, maƙabartar ƙauyen kuma ba nisa. Zaharadeen yana son a ga makara ƙarama a tsakiyar fili, don haka ya kwashe kyamara da ma'aikata duka suka hau can ƙololuwar dutsen, suka ɓuya a bayan wani ɓangare. A ƙasa ba a bar kowa ba sai makarar da suka aro, da 'yan wasa shida a sahu, da wani mai suna Abdulbaƙi da ya yi rawani ya fito a liman, da waya a aljihunsa don ya riƙa jin umarni.

Safina, mai kula da kayan sawarsu, ita ta naɗe ta. Da ta zo kan babban mayafin sai ta ce, "Anti, bai kai ba fa. Ƙafafunki a waje suke har idon sawu."

Ruwaida ta ce daga ciki, "Ja tabarma ki rufe. Daga sama ba za a gani ba."

Safina ta ja tabarma ta rufe ƙafafun, ta hau dutse ita ma.

Rana ta take, wajen azahar saura kaɗan, lokacin da manoma ke tashi daga gona. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abu ɗaya, Musulmi ba ya ganin gawa a gaban sahu ya wuce. Yaran nan sun taso a birni, sun shirya komai, wannan ne kawai ba su sa a lissafi ba. Mutum uku suka fara ɓullowa ta turbar, suka ga makara, suka ajiye fartanya, suka karkata gorar ruwansu suka yi alwala. Wasu biyar suka biyo. Wani ya juya ya ƙwala kira cikin gero. Kafin Abdulbaƙi ya waiwaya, sahu uku sun cika a bayansa, mutum wajen arba'in, ƙafafu duk taɓo.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wayar, ya kara ta a kunne. Zaharadeen ya ce masa daga sama, "Kada ka kuskura ka ce komai. Wallahi ko nawa muka kashe ba za mu sami irin wannan ba. Ci gaba."

Wani dattijo mai farin gemu a sahun gaba ya matso ya ce, "Malam, namiji ne ko mace, mu san addu'ar da za mu yi?"

"Mace ce."

"Baƙuwa ce? 'Yar wa?"

Matar da ke cikin shirin tana da sunanta, Abdulbaƙi ya yi wata shida yana kiran sunan. Amma a wannan lokacin ya neme shi a kansa ya rasa. Bakinsa ya ce, "Ruwaida. Ruwaida 'yar Umara."

Dattijon ya juya ya faɗa wa sahu da ƙarfi, suka amsa da Allah ya jiƙanta.

Duk wannan tana ji. Ita ta gaya mini. Ta ce ta ji sunanta ya bi sahu baki-baki har ƙarshe, ta ce a ranta yanzu ya kamata ta yi tari ko ta motsa ƙafa. Sai kuma ta tuna yadda abin zai fito a allo, sahu uku na mutanen gaske, ba wanda ya san da kyamara. Ta ƙara riƙe numfashi. Wannan shi ne laifinta na biyu, kuma ya fi na farko.

Aka yi kabbara huɗu. Abdulbaƙi da baki kawai ya yi, mutum arba'in na bayansa kuwa da niyya suka yi, suka roƙa mata gafara da sunanta da sunan ubanta, aka sallame. Sannan suka yi abin da ake yi, suka rufu a kan makara kowa yana son ladan ɗauka, suka saɓa ta a kafaɗa suka nufi maƙabarta. Ta ce tana jin yadda ake karɓa-karɓa, wannan ya saki wancan ya kama, warin kafur ya cika mata hanci, zafin ranar da take ji ta cikin yadi ya ɗauke gaba ɗaya. Sai da suka kai bakin shingen maƙabarta sannan Zaharadeen ya miƙe a kan dutse yana ɗaga hannu yana ihu a tsaya, a tsaya.

Aka sauke. Ma'aikata suka gangaro a guje suna ba da haƙuri, suna cewa fim ne. Safina ta durƙusa ta yaye tabarma don ta kama ƙafafun ta taimaka mata ta tashi. Ba ta ga ƙafafu ba. Mayafin ya rufe su ruf, har da rarar da za a ɗaure.

Sai da aka kira ta sau uku sannan ta iya motsi. Da ta tashi zaune, mutane suka watse cikin gero, wasu ko fartanyarsu ba su ɗauka ba. Dattijon nan kaɗai bai gudu ba. Ya tsaya yana kallonta, ita kuma ta soma ba shi haƙuri da muryar nan tata mai daɗi.

Ya ce, "'Yata, ba fushi na yi ba. Amma mu mun riga mun miƙa ki. An koya mana yadda ake miƙawa, ba a koya mana yadda ake karɓowa ba."

Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

Ta ninke likkafanin a kan layinsa na da, ta mayar adaka kafin Hajiya ta dawo. Ranar Juma'a da hantsi Hajiya ta fito da shi kamar kullum ta baza a igiya. Shekara goma sha huɗu gefensa bai taɓa kusantar ƙasa ba. Ranar sai ga shi yana jan daɓe.

Kafin a tafi masallaci sai ga su a shagona, Hajiya a gaba da ƙunshi, Ruwaida a baya. Ranar ba ta tsokane ni ba, ban tsokane ta ba.

Ta ce, "Malam Nata'ala, kamu nawa ka yanka mini?"

"Huɗu cif."

"Auna."

Na yi alwala na shimfiɗa shi a kan tebur. Ɗinkina ne, na san hannuna, ba a ƙara ƙyalle ba, ba a farke ko zare ɗaya ba. Na auna da hannu, na sake aunawa da tef. Kamu huɗu da taƙi guda da yatsu uku. Hajiya ta ce wa Ruwaida ta je ta jingina da bango. Ta je. Na auna daga tsohon layin alli zuwa saman kanta. Taƙi guda da yatsu uku.

Ruwaida ta zube a ƙasa ta kama ƙafar Innarta. "Inna, ki yafe mini. Zan kai ki Makka bana, ki tsoma wani, ki tsoma goma."

"Da wace ƙafar? Ni da ko Kafin Hausa sai da aka riƙe ni na hau mota." Ta dafa kanta, sai ta janye hannun da sauri ta kalli tafinta. "Ke, me ya sa jikinki sanyi haka da tsakar rana?" Sannan ta ce, "Na yafe miki, duniya da lahira. Amma yafiyata ba ta rage tsawon yadi."

Ta juyo gare ni. "Ka haɗa mini na kasuwa ka ajiye. In ranar ta zo a fara gwada nawa. In ya karɓe ni, alhamdulillahi."

Na kai maganar wajen Malam Sharhabilu, mai makarantar allo ta unguwarmu, wanda kakanninsa ma malamai ne. Ya ce sallar gawa a kan mai rai ba salla ba ce, ba ta ɗaure komai, yarinya ta yi istigfari ta bar tsorata kanta. Na yarda da Malam, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Sai dai ni ma na auna.

Shirin ya fita bayan wata biyu, aka kalle shi fiye da duk abin da ta taɓa yi. Jana'izar nan ita ce magana a gari. Sai wani ya yanko hoton makara a kafaɗun manoma ya watsa a waya da kalmar Innalillahi da sunanta. Kafin la'asar labari ya gama ƙasa cewa Ruwaida ta rasu. Ta ɗauki kanta a waya tana cewa ga ta da rai, ta faɗi ranar da kwanan wata. Mutane suka ce tsohon ɗauka ne. Ta sake, suka ce Allah sarki, kamar tana nan.

Aka fara zuwa gidan Hajiya gaisuwa. Ina zaune a zaure wata rana na ji wata mata daga Taura ta shiga, ta gaishe da Hajiya, ta juya ga Ruwaida da ke zaune a gefe ta ce, "Ya haƙuri? Ke ce ƙanwarta ko? Kuna ɗan yanayi. Amma ita marigayiyar ta fi ki hasken ido."

A tasha ta shiga motar Kano ta zauna a bakin taga, ɗan kamasho ya leƙo ya ƙirga, ya koma yana kiran saura mutum ɗaya. Sai da wani mutum ya zo zai zauna a cinyarta ta yi magana, ya zabura ya buge kai da rufin mota, yana rantsuwa bai ga kowa ba.

A wurin aiki abin ya fi muni. Aka ba ta fitowar uwar da aka sace wa ɗa, irin wadda take yi ko cikin barci. Ta tsaya gaban kyamara ta nemi hawaye, babu. Ita da ke yi wa masu man zafi dariya, ta sa aka shafa mata, idon ya yi ja, ko ɗigo bai fito ba. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya ce a duba ko mayafinta ya rufe na'urar, domin muryar tana fitowa kamar ta mai magana ta cikin ƙyalle. Aka duba, ba abin da ya rufe. Na saurari wannan ɗaukar da kunnena a wayar maƙwabcina, haka take, kamar an ninka yadi an ɗora mata a baki. Daraktoci suka daina kira. Wanda ya kira na ƙarshe shi ne Zaharadeen, yana tambaya ko za ta sake fito masa a gawa, tunda ba wanda ya kai ta. Ta kashe wayar, ta tattaro kayanta ta dawo Dutse ɗakin Innarta.

Hajiya Yagana ta rasu bayan an gama girbin gero, ranar Litinin da hantsi, ba ta yi jinyar kwana uku ba. Gwaggo Mu'minatu, wadda ke wanke matan unguwarmu, ita ta yi mata wanka, ita ta kuma faɗa mini abin da ya faru a ɗakin. Sun bi wasiyya, suka fara da na zamzam. Ruwaida tana durƙushe a bakin ƙofa tana cewa, "Gwaggo, don Allah ki lallaɓa shi, don Allah." Suka shimfiɗa, suka ɗora Hajiya, 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba. Yadin da ya naɗe doguwar mace har da rara, suka jawo gefen dama, suka jawo na hagu, ya ƙi haɗuwa, saura kamar faɗin tafi a tsakiya. Suka gyara kwanciyar suka sake, haka. A na uku Gwaggo ta kama da hannu biyu ta haɗa da ƙarfi, tana saki ya zame ya buɗe a hankali, gefe da gefe, har ya kwanta a tabarma.

Gwaggo ta ce, "Ya isa. Kada mu wahalar da baiwar Allah. A karɓo na wajen Malam Nata'ala."

A cikin alawayyon kasuwa aka kai Hajiya Yagana, mai ƙyallin nan da ko kyamara aka ce ba za ta yarda da shi ba. Mata suna kuka a tsakar gida, har waɗanda kifi kawai ya haɗa su da ita. 'Yar da ta goya, wadda ta sa ƙasa guda kuka shekara ashirin, tana zaune a tsakiyarsu ido a bushe, masu gaisuwa suna tsallake ta.

Tana nan har yau a ɗakin. Kowace Juma'a da hantsi takan buɗe adaka ta baza likkafanin zamzam ɗin a igiya ya sha iska, ta ɗaga igiyar sama don kada ya taɓa ƙasa. Wani lokaci takan zo ta zauna a bencin shagona, sai na yi da gaske nake tuna in gaishe ta, domin ido yana zamewa daga kanta.

Ga abin da awa biyun nan suka ci mata. Hawayenta, ɗaya. Muryarta, biyu. Ɗumin jikinta, uku. Sana'ar da ta gina tun daga bayan mota a kasuwar Miga, huɗu. Sunanta, wanda yanzu ba a ambata sai an haɗa da Allah ya jiƙanta, biyar. Na shida ba nata ba ne ma, na tsohuwar da ta goya ta ne, wadda ta roƙi abu ɗaya tak a duniya aka binne ta babu shi. Abin da ya rage mata kuwa yadi ne kamu huɗu da taƙi guda da yatsu uku, daidai ita.